Bitar kwana uku da yarinyar bencin ƙarshe

Malama Rabi, Kawo: Assalamu alaikum. Admin a yi min afuwa, yau rubutuna zai yi tsawo. Makon jiya makarantarmu ta tura mu, ni da wata abokiyar aikina, bitar kwana uku a kan yadda babba zai gane yaron da ciwon damuwa ko wata lalurar ƙwaƙwalwa ta kama. Ba zan ɓoye muku ba, kuɗin mota da abincin rana ne suka kai ni. Sai ga shi tun da na dawo wata yarinya ta hana ni barci.

Shekara huɗu ke nan. Tana aji biyu na babbar sakandare, ita ce mai goge allo ba a sa ta ba, ita ce mai ɗaga hannu kafin in rufe baki. Da aka dawo hutu sai ta koma bencin ƙarshe. Hijabin da kullum yake a goge ya koma a cukurkuɗe, littafin aikin gida babu ko layi ɗaya. Ina shiga aji zan same ta ta kifa kai a tebur. Sau biyu ina sa ta durƙuso a rana. Rannan kuma na ce mata a gaban 'yan aji, "Wane saurayin ne ya tafi da hankalinki?" Aji ya kwashe da dariya. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗago ba. Kafin zangon ya ƙare ta daina zuwa. Sai daga baya na ji ashe mahaifinta aka ɗauke a hanyar Birnin Gwari cikin hutun nan, aka sayar da gonarsu aka kai kuɗin fansa, ko gawarsa ba su gani ba.

Duk alamomin da aka rubuta mana a allo a wurin bitar, wallahi babu wadda ban gani a jikin yarinyar nan ba. Idona ya gani, kaina ne bai san fassarar ba. To tambayata ga zaure: mu biyu aka tura daga makarantar da ke da ɗalibai sama da dubu. Malaman boko kaɗai ya kamata a koya wa wannan abu? Iyaye fa? Malaman Islamiyya fa?

Baban Sadik, Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinta. Amma Malama, ni wannan sabon salon tsoro yake ba ni. Mu sai mun je gona mun dawo muke tafiya makaranta, an zane mu da dorina, ga mu nan ba mu haukace ba. Yanzu yaro ya ƙi tashi asuba a ce damuwa, ya faɗi JAMB a ce damuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada mu raɗa wa sangarta sunan ciwo su samu wurin fakewa.

Maman Hanifa: Alhaji ta wani ɓangaren ka yi gaskiya. Tawa da zarar an karɓe wayarta sai ta ce wai tana da difireshon. A mayar mata da wayar, ciwo ya warke nan take 😂

Sista Ladi, Barnawa: Maman Hanifa, ai taki kin ma gano ta, tunda ciwon yana bin waya. Alhaji, ranka ya daɗe, abin da kake tsoro shi ne ainihin dalilin da ya sa ake yin bitar. Wanda bai koya ba shi ne yake haɗa sangarta da ciwo ya yi musu hukunci ɗaya, ko ya dake su duka ko ya lallaɓa su duka.

Ni aikin jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa nake yi, bari in faɗi yadda muke bambancewa. Ba halin yaro muke kallo ba, canjin halinsa muke kallo. Malalacin da ya tashi da lalaci tun yana firamare, wannan maganar tarbiyya ce. Amma mai ƙwazon da ya zube rana ɗaya, mai surutun da ya yi tsit, wanda ya bar ƙwallon da a da sai an je fili an kamo shi, wanda barcinsa ya ƙaura ko ya koma yini a kwance, abincinsa ya ragu, wanka ya gagare shi, kuma abin ya haura mako biyu bai sake shi ba, wannan a tsaya a duba. Mai sangarta in abokansa suka zo zai miƙe yana dariya. Mai ciwon damuwa ko abin da ya fi so aka kawo masa ba ya jin daɗinsa. Kuma a samari sau da yawa ba kuka za ka gani ba, saurin fushi za ka gani, da faɗa, da ciwon kai ko ciwon cikin da an auna an auna ba a ga komai ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan lalurori kafin shekara 14 suke somawa. Malama Rabi ki ƙirga ajinki ki raba bakwai. Likitocin wannan fanni kuwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Mu Kaduna ma gata gare mu, muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a nan Barnawa, ga asibitin koyarwa na Shika a Zariya. To yaushe likita zai je bencin ƙarshe ya ga yarinyar da ta kifa kai? Wanda yake tare da ita kullum shi zai gani.

Baban Sadik: Sista na ji, amma kwana uku ya isa a mayar da malamar Hausa likita?

Malama Rabi: Alhaji lissafi nake koyarwa 😄 Kuma abin da suka fara ja mana kunne a kai ke nan: ba mu da izinin cewa wance ciwo kaza ne da ita, balle mu ce a sha magani kaza. Namu shi ne mu lura, mu keɓe yaro inda babu idon jama'a, mu tambaya, mu saurara, mu san inda za mu miƙa shi. Mai koyarwar ta ce tsarin daga Ostireliya ya faro a shekarar 2000, wata ma'aikaciyar jinya Betty Kitchener da mijinta Farfesa Tony Jorm suka ce tunda ana koya wa kowa taimakon gaggawa na jiki, ɗaure rauni kafin a kai asibiti, me zai hana a yi na ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne sauraro. An haɗa mu bibbiyu, ɗaya ta zama ɗaliba ta faɗi matsalarta, ɗaya ta saurara minti uku ba ta katse ta ba. Wallahi ban kai minti ɗaya ba na ce mata "ki yi haƙuri, wasu sun fi ki shiga uku." Duk ɗakin haka muka yi. Mu malamai bakinmu ya saba da gyara.

Oga Ɗanjuma, Panteka: Ni ban yi boko mai nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun. Malama kin lissafa iyaye da malamai kin manta da mu. Yara goma sha ɗaya ne a ƙarƙashina a gareji, daga bakwai na safe har magariba suna gabana. Ubansu ma bai kai ni ganinsu ba. Yawancinsu sun bar makaranta, wasu daga ƙauye rikici ya koro su. Wace malama ce za ta gan su?

Akwai wani yarona, hannunsa na da kyau sosai a gyaran birki. Bara sai na ga sifana tana faɗuwa daga hannunsa, in ya shiga ƙarƙashin mota sai a neme shi a tarar barci yake. Na bincika aljihunsa na samu tiramol. Na kore shi. Bayan kwana biyar na zo buɗe shago da sassafe na same shi a zaune a bakin ƙofa. Na sayo mana shayi da burodi, ban ce komai ba, shi ma bai ce ba, sai da ya kusa shanye kofin ya ce, "Oga, in na rufe ido garinmu nake gani yana ci da wuta." Ashe da dare ba ya runtsawa, ƙwayar don ya iya tsayuwa da rana yake sha. Ni da na ɗauka iskanci ne kawai. Na mayar da shi aiki, amma daga nan ban san me zan yi masa ba, har yau ban sani ba. In akwai wannan bita a kira mu. Da Hausa fa, ba da turancin da za mu zauna muna gyangyaɗi ba.

Sista Ladi: Oga Ɗanjuma, shayin nan da shirun nan da ka yi, rabin bitar ke nan, ka yi ba a koya maka ba. Sauran rabin shi ne ka kawo shi a duba shi, don abu biyu ne a kansa, firgicin abin da ya gani da kuma ƙwayar. In aka raba shi da ƙwaya aka bar firgicin, zai koma. Kuma kada ya yanke tiramol rana ɗaya shi kaɗai in ya daɗe yana sha, jiki yana wahala, a bari ma'aikatan lafiya su tsara masa. Ku tuna 2018 da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Kwalba ta yi wuya, amma abin da ke kai yara ga kwalbar yana nan, sai suka koma wani abin.

Malam Auwal, Tudun Wada: Bismillah. Tunda an ambaci malaman Islamiyya bari in sa baki. Gaskiya ɗaya ce, duk abin da ya samu yaro a unguwa wurinmu ake fara kawo shi, ba asibiti ba. Yarinya ta faɗi tana ihu, a ce aljanu. Saurayi ya shige ɗaki ya ƙi fita, a ce sammu. Mun yi imani da aljanu, mun yi imani da ruƙiyya, wannan ba abin ja ba ne. Amma na sha yi wa yaro karatu mako da makonni in ga babu alamar abin da ake zato, iyaye kuma ba sa son jin kalmar Barnawa, gani suke in an ji, 'yarsu ta rasa miji.

Masu cewa baƙin ciki raunin imani ne su je su karanta Suratu Yusuf, aya ta 84, inda idanun Annabi Yaƙub suka yi fari saboda baƙin ciki. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihi. Kuma ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lura da ƙaramin yaro Abu Umair da ɗan tsuntsunsa ya mutu, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Shugaban al'umma guda bai raina damuwar yaro a kan tsuntsu ba. Ni dai ina so a koya min inda iyakata take, in san lokacin da zan ce wa uba, addu'a muna yi, amma gobe ka ɗauke shi ku tafi asibiti.

Baban Sadik: Allah ya gafarta Malam, wannan na karɓa. Amma ni fa har yanzu ƙungiyoyin nan ne ban yarda da su ba. A tara mutane a otal, a raba riga da jaka, a ɗauki hoto, a watse. Bayan wata shida ka tambayi wanda ya je me aka ce, sai ya tuna naman kaza. Sannan in an gano yaron ba shi da lafiya, wa zai biya kuɗin magani wata da watanni? Gano ciwo ba tare da magani ba ai ƙarin tashin hankali ne.

Barista Hauwa: Alhaji maganar kuɗi gaskiya ce, ba ni da amsarta. Amma in ƙara abu biyu na doka da duk wanda za a horar ya kamata ya sani. Har zuwa Janairun 2023 da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, da dokar mahaukata ta 1958 muke aiki, wadda ba ta san komai ba sai kamawa da tsarewa. Sabuwar ta ba mai lalura haƙƙi, ba a wulaƙanta shi, ba a ɗaure shi yadda aka ga dama. Na biyu, a tsohon kundin Penal Code na Arewa, sashe na 231, yunƙurin kashe kai laifi ne mai ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Shi ya sa iyalai suke binne maganar, yaron ya rasa taimako.

Kuma kada mu manta da Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum kusan 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu yara da samari, wasu da mari a ƙafa. Akasarinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Ba ƙin 'ya'yansu suke yi ba, sun ga yaro ya canza ne, ba su san wata ƙofa ba sai wannan. Don haka Alhaji, ko ba mu horar da kowa ba iyaye za su kai yaran wani wuri.

Khadija, 'yar jami'a: Iyayena ku yi haƙuri in yi magana a matsayin wadda ake maganar a kanta. Duk kun tsaya a yadda za ku gane mu. Mu kuma matsalarmu abin da kuke yi bayan kun gane. Ka faɗa wa Umma abu da azahar, kafin magariba Gwaggo ta Zariya ta kira tana yi maka nasiha. Ka faɗa wa malama, gobe ka wuce ofishin malamai a bi ka da kallo. Ina aji uku na taɓa gaya wa wata malama cewa ina jin ƙirjina yana bugawa kamar zan mutu duk lokacin jarrabawa. A taron safe ta kawo misali da ni, ba ta kama suna ba amma kowa ya waiwayo. Tun daga ranar ban sake gaya wa babba komai ba sai da na shiga jami'a. In za a koya muku abu ɗaya, a koya muku riƙe sirri.

Maman Hanifa: Khadija 'yata kin sa jikina ya yi sanyi. Ni ce Umman nan wallahi. Amma ai neman shawara muke yi, ba tallata ku ba.

Khadija: Na sani Mama. A tambaye mu dai kafin a kai gaba.

Sista Ladi: Khadija ta yi daidai, sai dai akwai iyaka, kuma gara a faɗa wa yaro iyakar tun farko. Ka ce masa, abin da ka gaya min yana tsakaninmu, sai in na ga ranka ko na wani yana cikin haɗari, nan dole in nemo wanda zai taimaka, kuma da saninka zan yi. Kada a rantse wa yaro cewa ba wanda zai ji, sannan a karya.

Ga kuma wurin da manya suka fi tsoro. In yaro ya fara cewa "gara ma in mutu kowa ya huta", ko yana rabar da kayansa, ko yana neman yafiya ba gaira ba dalili, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Mutane suna ganin tambayar za ta sa masa tunanin a rai. Ba ta sawa, an bincika wannan sosai, sau da yawa ma sauƙi yake ji an samu wanda ya tambaya. In ya ce e, ba lokacin wa'azin wuta ba ne, ba lokacin mari ba. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar. Haka wanda ya fara jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya kwana uku ba barci yana ta zuba, wannan ma ba a jira.

Mista Yohanna, Sabon Tasha: Salama gare ku duka. Ni shugaban matasa ne a cocinmu, kuma abin da Malam Auwal ya faɗa kamar a wurinmu yake zaune. Mu ma azumi da addu'a muke fara sa wa yaro. Jihar nan daga 2021 zuwa yau ku lissafa inda aka sace mutane: Afaka, Greenfield, Bethel Baptist, jirgin ƙasan Abuja a Maris 2022, Kuriga a Maris 2024. In an sako yara mukan yi taron godiya, a yi waƙa, a ci shinkafa, mu ɗauka magana ta ƙare. Akwai yaron maƙwabcinmu da aka taɓa ɗauka a gona, ya fi shekara da dawowa, amma in babura biyu suka wuce tare da dare sai ya shige ƙarƙashin gado. Saurayi ne fa mai gemu. Uwarsa kunya take ji, ta ce kada in faɗa wa fasto.

Game da maganar otal ta Alhaji, a Zimbabuwe akwai likita Dixon Chibanda da ya horar da kakanni mata, suna zama a benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, mai damuwa ya zo ya zauna su saurare shi su taya shi warware matsalarsa ɗaya bayan ɗaya. Babu otal babu jaka. Amma akwai masu bibiyar kakannin suna duba aikinsu, ba a horar da su an watsar ba. Mu da muke da zaure da dakali a kowace ƙofa, benci ne zai gagare mu?

Baban Sadik: To Yohanna, in irin wannan ne, ba riga ba alawus, ina da rumfa a ƙofar gida tana cin mutum talatin. Ku zo ku yi. Amma ina nan a kan bakata, cikin goman da za ku kira marasa lafiya, biyar bulala ce maganinsu. Zan zauna a baya in ji.

Oga Ɗanjuma: Asabar bayan la'asar ta fi mana. Zan zo da shugaban masu walda.

Sista Ladi: Zan zo, amma da sharaɗi. Zama ɗaya ba horo ba ne, sai mun riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a wata kowa ya kawo abin da ya ci karo da shi, ba tare da kama sunan yaro ba. Kuma zan nemi izini a wurin aiki tukuna, in ga ko wani likita zai biyo ni.

Malama Rabi: Na gode muku. Wani abu kuma. Tun ɗazu da na yi rubutun farko wata tsohuwar ɗalibata da ke cikin zauren nan ta gane yarinyar, ta turo min lambarta ta gefe. An yi mata aure, har da ɗa ɗaya. Na buga lambar sau uku ina gogewa. In kira in ce me? In nemi yafiya, ko in bar ta kada in tono mata abin da ya wuce?

Malam Auwal: Ki kira. Haƙƙi ne, kuma ba a san gawar fari ba.

Khadija: Malama ni da saƙo za ki fara tura mata, ki faɗi ko ke wace ce, ki bar ta ta zaɓa. In murya ta faɗo mata kwatsam za ta ce "ba komai Malama" don kunya, alhali da komai. Kuma ki goge labarin daga zauren nan, tunda har mutum ɗaya ta gane ta.

Malama Rabi: Innalillahi. Kin ga ban ma yi wannan tunanin ba. Admin don Allah a sauke rubutuna na farko.

Admin: Zan sauke yanzu, wanda ya tura wani zauren shi ma ya goge. Masu zuwa ranar Asabar a rubuta suna a ƙasa, Alhaji yana son ya san yawan tabarmin da za a shimfiɗa.